Saran Kyauta

A zamanin da bakin Kwara yake kurmi, dorina ta fi mutum yawa, an yi wani maharbi mai suna Ƙosau. Kirarinsa shi ne: Ƙosau dodon dorina, ƙafarka ba ta san gida ba! Bai taɓa yin damina biyu a wuri ɗaya ba. An ce in ya daɗe a zaune, mashinsa kan yi ta rawa shi kaɗai a jikin bango.

Matarsa Kyauta ta sha yawo har ta gode Allah. Da suka sauka a wata gaɓa mai yawan maɗaci, zazzaɓi ya ɗauke ɗansu tilo, suka binne shi a nan. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba Ƙosau ya fara leƙen hanya.

"Maigida, ni kam ba na barin yaron nan shi kaɗai a daji," in ji Kyauta.

Lokacin yana cikin sassaƙa wani kwalekwale. Ya ce, "Ina gama sassaƙa kwalekwalen nan za mu tashi."

To, Kyauta ta san wani abu. Ƙosau ya taɓa rantse wa wanda ya koya masa sassaƙa cewa ba zai juya wa gungumen da gizago ya taɓa baya ba sai ya zama jirgi. Ranar da zai gama, ta ɗauki gizago ta kafta wa wani sabon gungume sara ɗaya.

Ƙosau ya yi faɗa kamar zai ci babu, amma rantsuwa ta ɗaure shi. Ya gama wannan, ta sari wani. Haka aka yi ta yi, yana sassaƙa yana huci yana hangen ƙetare. Jirage suka taru, masunta suka zo nema, wasu suka kafa bukkoki, gari ya tashi.

Bayan shekaru Kyauta ta rasu, aka kwantar da ita kusa da ɗanta. Ƙosau ya ƙarasa jirgin da ke hannunsa, ya duba, babu gungume ko ɗaya mai sara. Hanya ta buɗe. Ya daɗe yana kallon ruwa, ya waiwayi kaburburan nan biyu, sai ya ɗaga gizago ya sari sabon gungume da kansa.

Yau masassaƙar ta zama gidan tarihi, amma ba irin wanda ake jera kaya a rufe ba. Baƙi na kallo, gizago na aiki. Kuma har gobe ba a tura sabon jirgi ruwa sai mace ta fara saran gungume na gaba. Shi ake kira saran Kyauta.