Mai Jirgin da Ya Ƙi Juya Katakonsa

Akwai wani mutum mai jirgin fito a bakin wani babban kogi. Jirgin na gado ne, daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi. A bayan jirgin, dab da ruwa, akwai ɗan dandamali na katako, faɗinsa bai wuce ƙaramar tabarma ba. Nan masu ƙetare kogi suke takawa in sun ratso ruwa za su hau, nan mata suke zama su wanke ƙafa, nan kuma wanda ya yi iyo ya gaji yake kamawa ya huta. Katakon tik ne, itacen nan mai maiƙo a jikinsa, wanda ruwa ba ya saurin cinsa.

Mahaifin mutumin yana da wata al'ada tun yana da rai. Duk shekara in ruwa ya janye, sai ya ja jirgin kan rairayi, ya kwance dandamalin katako bayan katako, ya kifar da su a bainar jama'a. Ƙarƙashin kuwa ba shi da kyan gani. Gansakuka ce da laka da tsatsa, ga wari, har masu wucewa suna toshe hanci. Tsohon ba ruwansa. Ya zauna ya kankare, ya wanke da soso da sabulu, ya shanya a inuwa har su bushe ciki da waje. Sa'an nan ya shafa musu man alayyadi sama da ƙasa, ya sake duk ƙusar da ta yi tsatsa, ya danna sandunan da suka tallafe dandamalin daga ƙasa ya ji ko suna nan da ƙarfinsu. In ya gama duk wannan wahala, katakon ba ya wani ƙyalli. Ba da daɗewa ba rana take mai da shi launin toka, don haka tik yake. Amma ko sa aka ɗora a kansa ba ya motsi.

Da tsohon ya rasu, ɗan ya dubi wannan launin toka, sai ya ji kunyarsa. Jiragen abokansa duk sun sha fenti, ja da kore, nasa kuwa ga shi nan fari fat kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ya ce a ransa, shi ba zai zauna a rairayi yana kankare ƙazanta mutane suna kallonsa ba. Ya tafi kasuwa ya sayo sanfefa ta goge katako, da banish, man nan da kafintoci suke shafa wa kujeru su yi sheƙi. Ya goge saman katakon sarai, ya shafa, ya bari ya bushe, ya ƙara shafawa. Ƙarƙashin kuwa bai ko leƙa ba.

Kai, jama'a, abin ya yi kyau, kada mu yi ƙarya. Dandamalin ya koma ja-ja-ja yana ɗaukar ido. Mata suna duba fuskarsu a ciki suna gyara ɗankwali. Masu ƙetare kogi suka riƙa wuce sauran jirage suna cewa, "Mu dai na mai sheƙin nan za mu shiga." Mutumin nan ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa. Duk shekara, lokacin da mahaifinsa yakan ja jirgi kan rairayi, shi sai ya ƙara goge sama ya ƙara shafi. Abin da bai kula ba shi ne, ruwa yana shiga ta ramukan ƙusoshi, banish kuma ya toshe masa hanyar fita. Haka katakon yake kwana da ruwa, yake wuni da ruwa, shekara ta bi shekara.

Mutumin yana da suruki, mahaifin matarsa, tsoho tukuf, gwiwoyinsa sun gaji. Shekaru da yawa 'yarsa tana yi masa addu'a, sai a ƙarshen kwanakinsa ya ba da gaskiya, ya ce yana so a yi masa baftisma a kogi. Murna ta cika gidan. Amma bakin gaɓa taɓo ne, tsohon ba zai iya ratsa shi ba. Sai dattawan ikkilisiya suka ce a ɗauke shi a jirgi zuwa tudun rairayin da yake tsakiyar kogi, inda ruwa yake garau, iyakarsa ƙugu. A zaunar da shi a kan dandamali, ya zuro ƙafafunsa a hankali, fasto ya karɓe shi. Jirgin wa za a ɗauka? Ai ba a ma yi gardama ba. Mutumin ya miƙe a tsakiyar taro ya bugi ƙirji ya ce, "Baba nawa ne. A kan katakona zai sauka."

Ana sauran 'yan kwanaki, matarsa ta dawo daga kogi da tulu, ta sauke. Sai ta ce, "Baban Keziya, na taka dandamalin nan yau, na ji ya ɗan nutsa da ni. Ka duba shi kafin ranar Baba."

Ya ce, "Nauyin tulu ne. Ke dai kin cika tsoro."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Da yamma ya tafi shi kaɗai, ya shiga ruwa, ya zura hannu ƙarƙashin dandamalin ya danna sandar da ta tallafe shi. Yatsansa ya lume a ciki kamar a dafaffen rogo. Ya zaro hannun, ga baƙin abu a farcensa. Ya tsaya a cikin ruwa yana tunani. In zai gyara, dole ya ja jirgin kan rairayi, ya kwance katakon, ya kifar da shi a idon mutanen da suka daɗe suna yabonsa, su ga abin da yake ƙasa. Bayan ya bugi ƙirji a gaban dattawa! Ya ce a ransa, "Tsoho ne, ba shi da nauyi. Sau ɗaya ne kawai. In an gama biki sai in gyara a ɓoye." Kun san abin da wannan bawan Allah ya yi? Ya koma gida ya ɗauko gwangwanin banish ya ƙara shafawa.

Ranar ta zo. Bayan sujada jama'a suka gangaro kogi, matan zumunta na ikkilisiya suna waƙa suna kaɗa tulunansu, jirage suka bi jirginsa a baya har tudun rairayi. Fasto ya shiga ruwa ya tsaya, ya miƙo hannu. Dattawa biyu suka riƙe tsohon, suka tako da shi kan dandamalin. Mutumin yana riƙe da sandar tuƙi, yana gani. Ya lissafa nauyin tsoho ɗaya, bai lissafa masu riƙe shi ba. Bakinsa ya buɗe zai ce su dakata, sai ya ga idon jama'a a kansa, ya haɗiye maganar.

Sai ji aka yi ƙaras! Sandunan ƙasa suka karye, dandamalin ya ɓalle gaba ɗaya, mutum uku suka zube a ruwa. Waƙa ta koma ihu. Allah ya sa ruwan ba zurfi, fasto ya cafo tsohon ya ɗago kansa yana tari, amma wata ƙusa mai tsatsa ta tsaga masa ƙauri, jini yana bin ruwa. Dandamalin kuwa ya juye, ya taso yana yawo a tsakanin jirage. Sheƙin yana ƙasa ba mai ganinsa. Abin da yake sama shi ne baƙar ruɓa da gansakuka da ƙusoshin da tsatsa ta cinye. Kowa ya gani. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce masa uffan, wannan shirun kuwa ya fi zagi ciwo. Matarsa ta dube shi sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta shiga jirgin wani da mahaifinta. Ranar ba a yi baftisma ba.

Wayyo kunya! Ku da kuka san yadda ake jin nauyin suruki, ku auna wannan. Mutumin da ko cin abinci ba ka iya yi a gabansa, ko sunansa ba ka iya kira, shi ka jefa a ruwa a gaban duk gari, a ranar da ya fi kowace rana daraja a wurinsa. Mutumin ya shige ɗaki ya ƙi fita. Ya daina zuwa sujada. Aka kai tsohon asibiti aka ɗinke ƙafar aka dawo da shi, duk gari suka je gaisuwa, shi bai je ba. In ya hangi ƙofar gidan surukinsa sai ya sake hanya. Katakon kuwa ya tsamo shi ya jefa a bayan gida, yana jira ya bushe ya cinna masa wuta.

Da ƙafar ta fara warkewa, tsohon ya aika a kira shi. Ba yadda zai yi. Ya je, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa, idonsa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, ba tsautsayi ba ne. Na sani. Na taɓa da hannuna na ji ya ruɓe, na shafe shi da mai don kada a gani. Na fi jin tsoron dariyar mutane a kan ranka."

Tsohon ya dube shi. Sa'an nan ya ce, "Ina katakon?"

"Yana bayan gida, Baba. Ƙona shi zan yi."

"Kada ka ƙona. Ka kai shi rairayi, inda mahaifinka yake kaiwa. Ni ma zan zo."

Haka aka yi. Da safe, lokacin da bakin kogi ya cika, mutumin ya kifar da katakonsa a kan rairayi, ƙazantar tana kallon sama. Aka kawo tsohon aka zaunar da shi a kan kujera kusa da shi, ƙafarsa a naɗe. Mutumin ya fara kankarewa, hawaye suna zuba a kan hannunsa, masu ƙetare kogi suna wucewa suna kallo. Ya cire ruɓaɓɓun sanduna ya zubar, ya zare ƙusoshi, ya kankare banish ɗin nan da ya sha yabo har ba sauran ɗigo. Da ya kai ciki, sai ya tarar da jikin tik ɗin yana nan da ƙarfinsa, ruɓar ba ta gama da shi ba. Ya wanke, ya shanya a inuwa, ya jira. Da ya bushe ya shafa man alayyadi sama da ƙasa, ya sa sababbin sanduna, ya mayar da shi a jikin jirgin. Bai yi sheƙi ba.

Dattawa suka zo wurin tsohon suka ce an sami wani jirgi don baftismar, sabo, mai tsani na ƙarfe. Tsohon ya girgiza kai. Ya nuna surukinsa da sanda ya ce, "A kan katakon wannan zan sauka. Yanzu na ga ƙarƙashinsa." Ranar Lahadi ya taka shi da ƙafarsa mai tabo, dattawa biyu suna riƙe da shi, katakon bai motsa ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Dandamalin nan rayuwarka ce, da tawa. Samansa shi ne abin da mutane suke gani ranar Lahadi: wankakkiyar riga, murya mai daɗi a waƙa, doguwar addu'a. Ƙarƙashinsa shi ne abin da Allah kaɗai yake gani, da kai, wani lokaci kuma da matarka ko mijinki. Ruwan da yake shiga ta ramin ƙusa shi ne ƙaramin zunubin da muke cewa ba kome. Banish kuwa shi ne duk abin da muke ƙarawa a sama don kada a tambaye mu abin da yake ƙasa. Wani in ya ji lamirinsa yana damunsa, maimakon ya tuba sai ya ƙara ɗaga murya a waƙa. Kada ka waiwaya ka dubi na kusa da kai, da kai nake.

Ku lura da abu guda. Mutumin nan ba rashin sani ne ya kayar da shi ba. Ya taɓa, ya ji, ya sani. Ƙaramar kunya ya guje wa, ta yini ɗaya a kan rairayi, sai ya sami babba. Kuma ba shi ne ya faɗa ruwa ba. Wanda ya amince da shi ne ya faɗa. Akwai masu taka rayuwarka kowace rana: 'ya'yanka, matarka, sabon mai bin da yake kallonka yana cewa haka ake zama Kirista. In ƙasa ta ruɓe, jininsu ne zai bi ruwa.

Tsohon kuwa yana nuna mana halin Ubangijinmu. Shi muka yi wa rauni, shi ne kuma ya aika a kira mu. Bai ce a ƙone mu ba. Ya ce a kifar, a kankare, ya kuma zauna kusa da mu har a gama. Tuba ba ta da sheƙi, tana da wari da hawaye, mutane kuma za su iya gani. Amma a kan irin wannan katako ne yake yarda ya sa ƙafarsa.

Kowannenmu ya san inda yatsansa ya taɓa lumewa. Ka ajiye gwangwanin nan. Ka ja jirginka kan rairayi a wannan mako, tun wanda kake ƙauna bai taka ba.