Tanimu da tsohuwar majami'ar bakin kogi

An taɓa yin wani bawan Allah, majemi ne, ana ce masa Tanimu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Ya je ziyarar ƙanensa a wani gari na bakin kogi, aka ce masa kada ya koma gida bai ga tsohuwar majami'ar garin ba.

Ya je da hantsi, ana yayyafi. Jama'a, gini ne na baƙin dutse, hasumiyarsa tsini kamar mashi. A kan indararo an sassaƙa wasu dodanni, baki wangame, ruwa na zuba ta cikinsa. Ya cire takalmi ya shiga. Ciki duhu-duhu, sanyi, hasken tagogi ja da shuɗi. Ko tari ka yi sai ginin ya maimaita maka. Babu kowa sai wata tsohuwa mai ɗingishi, Rifkatu, tana shara.

Ku saurara. Yana cikin kallo sai ya ji rugugi. Kogi ya fasa! Kafin ya waiga ruwa ya shigo, jajawur, yana ture kujeru. Tanimu bai iya iyo ba. Ƙofar da ke fuskantar tudu tana gabansa a buɗe, da ya ruga da ya tsira.

Tsohuwa ta ce, "Gudu, ɗana! Ni ƙafata ba za ta kai ni ba."

Ya durƙusa ya ce, "Hau bayana, Inna."

Kafin ya goya ta, ruwa ya rufe hanya. Ya bi matakalar hasumiya da ita a bayansa, ƙunci, duhu, ruwa na bin dugadugansa. Suka tsaya bakin wata taga suna ihu. Can sai ga kwalekwale cike maƙil.

Mai fito ya ce, "Mutum ɗaya! In na ƙara biyu mun nutse."

Rifkatu ta ce, "Kai ke da iyali, shiga."

Tanimu ya ɗaga ta ya miƙa wa mai fito.

Ya rage shi kaɗai. Kada ku ce bai ji tsoro ba. Wallahi ya ji! Bango na tsagewa, duwatsu na faɗawa ruwa, ƙararrawa a sama tana kaɗa kanta. Maciji ya taso ya nannaɗe a matakala kusa da shi, ya tare hanyar sama. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ya tuna 'ya'yansa, ya yi kuka, ya yi ta kalmar shahada.

Ashe da aka kai gaci, tsohuwar nan ta ƙi sauka. Ta riƙe bakin jirgi ta ce, "Ko ka koma ka ɗauko shi, ko ka mai da ni inda ka same ni." Mai fito ya yi faɗa, ya gaji, ya juya. Sun tarar ruwa ya kai masa ƙirji. Aka jawo shi cikin jirgi.

To, 'yan'uwa, Tanimu bai tambayi addininta ba kafin ya goya ta. Rai ya gani. Kuma bai jira tsoro ya sake shi ba, yana cikin tsoron ya aikata alheri. Mu fa? Maƙwabcinka na cikin masifa, kai kana lissafin ɗan wane ne, ina yake ibada. Ranar da ruwa zai zo, wa kake so ya tsaya maka? Ka tsaya wa wani tun yau. Allah Ya sa mu dace.