Littafin Da Babu Shi A Kowane Shago

Akwai wani tela da Allah ya ba shi 'ya mai shegen son karatu. A gida Gara suke kiranta, wai don duk takardar da ta shigo hannunta sai ta ga bayanta. Ko tsohuwar jaridar da babanta ke yanka samfurin riga a kai, sai ta karance ta kafin almakashi ya taɓa ta.

Da malamai suka ga haka, sai suka ɗauke ta daga cikin sa'anninta suka kai ta ajin haziƙai, inda kowa ya girme ta. Dokar ajin ɗaya ce: kowane mako yaro ya karanta sabon littafi, ranar Alhamis ya miƙe gaban aji ya ba da labarin abin da ke ciki. Ba a yarda da maimai ba. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa, a mayar da shi ajinsa na da.

To fa! Kafin zango ya raba, Gara ta gama da littattafan kabad ɗin ajin kakaf.

Ta je ta faɗa wa malamar ajin. Malama ta ce, "Makaranta ta yi nata. Ki ce babanki ya nemo miki."

Ta isa shago ta faɗa wa babanta. Ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki bai yi ba, ya ce, "Ni na kafa dokar? Wanda ya ce a karanta, shi zai kawo abin karantawa. Koma ki gaya mata."

Ta koma. Malama ta harare ta ta ce, "Ni na haife ki?"

Ku ji manya fa, jama'a! Wallahi abin ya ba ni haushi. Ba rashi ne ya hana telan ba, ita ma malamar akwatin littattafai gare ta a gida yana shan ƙura. Girman kai ne kawai, ba mai son a ce shi ya fara saukowa.

Alhamis ta zo. Aka kira Gara, ta miƙe. Sai ta fara ba da labarin wani makaho mai tuƙa kwale-kwale, wanda ke gane fasinja da takun ƙafarsa. Aji duk ya kasa kunne. Wani mako ta kawo wani, na gaba ma haka.

Malama ta ce a ranta, "Ai ga shi telan ya sauko." Shi ma tela da ya ga yarinya ta daina tambaya, ya ce wa matarsa, "Kin gani? Makaranta ta shiga taitayinta." Kowa ya ɗauka shi ya ci.

Wata Alhamis, Gara ta kawo labarin wata bishiyar lemo da ta tsiro a kan iyakar gidaje biyu. Kowane maƙwabci na shan inuwarta, amma idan rani ya yi, kowa sai ya ce ɗan'uwansa ne ya kamata ya ba ta ruwa. Tana cikin bayanin yadda ganyen ya fara zuba sai aka buga ƙararrawa. Ba yaron da ya motsa. Ita kanta malamar alli na hannunta ta manta da shi.

Malama ta ce, "Gobe ki zo mini da littafin nan, ina son in ga ƙarshensa."

Gobe ta yi, Gara ta ce ta manta. Jibi ma haka. Abin ya tsaya wa malama a rai, har ta bi shagunan littattafai tana tambaya. Wani tsoho da ya daɗe a sana'ar ya ce mata, "Malama, in da akwai littafin nan da na sani. Amma in kin samo shi, don Allah ni ma a ara mini."

Nan jikinta ya ba ta akwai wani abu. Ta kai magana wurin hedimasta, aka aika aka kira tela. Ya zo da tef ɗin awo rataye a wuya, yana huci.

Hedimasta ya ce, "Littafin da ka saya wa yarinyar nan muke son gani."

Tela ya ce, "Wane littafi? Ba ku kuke ba ta ba?"

Malama ta ce, "Mu? Tun da ta gama na kabad ban sake ba ta ko ɗaya ba."

Duk suka juya suka dubi Gara. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminta.

Ta ce, "Babu littafi. Ni nake shirya su a kaina in ina tafiya gida. Ba na son a mayar da ni baya."

Hedimasta ya cire tabaransa. Ya ce, "Har na makahon mai kwale-kwale? Ɗana ya zo gida yana ba mu shi, har uwarsa ta yi ƙwalla!"

Ta ce, "Har shi."

Ikon Allah! Ni kaina da na ji wannan, tsigar jikina sai da ta tashi. Yarinyar da ba ta gama famfara ba, ita ke ƙirƙirar labarin da babba zai bi shago shago yana nema.

Hedimasta ya ce, "Ƙarya ba kyau, kada ki sake. Amma faɗa mana, yaya bishiyar ta ƙare?"

Gara ta share ido da bayan hannu. Ta ce, "Na kasa ƙarasa shi, Malam. Duk ta inda na juya labarin, bishiyar mutuwa take yi. Ni kuma ba na son ta mutu."

Tela ya cire tef ɗin wuyansa yana naɗewa, ya kasa kallon kowa. Malama ce ta fara magana.

Ta ce, "Baban Gara, ina da littattafai a gida, sai dai duk bangonsu ya ɓalle."

Tela ya ce, "A kawo su shago, Malama, allura da zare ba su gagare ni ba. In ta gama da su, sauran a kaina."

Hedimasta ya ce ba inda za a mayar da ita, kuma daga yau an buɗe mata kabad ɗin manyan azuzuwa.

Gara ta ɗaga kai ta dubi babanta, ta dubi malamarta. Ta ce, "Malama, ranar Alhamis zan iya ƙarasa shi."

Darasi: Idan yaro ya nuna ƙishin karatu, littafinsa ba na makaranta ba ne kaɗai, ba kuma na iyaye ba ne kaɗai. Wanda ya fi kusa ya fara miƙa hannu, kada jayayyar manya ta koya wa yaro ƙarya ko ta kashe baiwar da Allah ya yi masa. Ku tura wannan ga wani uba ko wani malami da kuka sani, wataƙila akwai irin yarinyar nan a gabansa bai lura ba.