Mutumin da Kogi Ya Ajiye a Kan Yashi

Yaya Irmiya, yau mako bakwai da kwalekwalenku ya kife, har yanzu ba mu kawo ka gida ba. Fasto ya ce in koyar a makarantar Lahadi, ni da ban gama makaranta ba. Ga abin da na rubuta, kai za ka fara ji.

Akwai wani maigida da yake zaune a kan tudu, kusa da kogi. Mutanen garin suna da al'ada: in ruwa ya kawo gawa, ba mai taɓa ta sai an duba tsagar fuskarta, an san gidan da ta fito.

Wata rana da tsakar rana, kogi ya ajiye wani mutum a kan yashi. Ya kwana uku a ruwa. Babu tsaga, babu kama, fuskar ma ta tafi. Mutane suka tsaya daga nesa, hannu a hanci. Ko tsuntsu bai yi kuka ba.

Wani mai fito ya ce, "Wannan ba namu ba ne."

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ɗan wa? Ku tura shi, ruwa ya ƙarasa aikinsa."

Sai ga maigidan nan ya ratsa taron. Ya durƙusa, ya tuɓe rigarsa, ya lulluɓe shi. Ya ce, "Ɗana ne."

Suka ce, "Haba Baba! Da me ka gane shi? Ko uwar da ta haife shi ba za ta shaida shi ba."

Ya ce, "Ni ba da fuska nake sanin nawa ba."

Ya sunkuya, ya raɗa masa wani suna a kunne. Ba wanda ya ji sunan. Amma kowa ya ji amsar da ta fito daga ƙarƙashin rigar: "Na'am, Baba."

Taron ya watse, wasu ko takalma ba su ɗauka ba. Maigidan ya kama hannunsa, suka hau tudu su biyu, ruwa yana ɗiga a bayansu har ƙofar gida.

Ma'anar wannan misali ita ce: kogin shi ne mutuwa, kowa zai shiga. Tsaga kuwa ita ce duk abin da mutane suke gane mu da shi, suna da kama da halin kirki. Ruwa yana wanke su duka. Maigidan shi ne Allah Uba, rigar kuma Yesu Almasihu. Ku lura, 'yan'uwa, mutumin nan bai roƙa ba, matacce ba ya roƙo. Wannan shi ne alheri. In kai ɗan Allah ne, ko duniya duka ta ce ba ta san ka ba, Ubanka yana riƙe da sunanka, zai kira, za ka amsa.

A nan zan tsaya a gaban aji. Saura tsakanina da kai ne.

Yaya, ran da na bi kogi ina nemanka, a ƙauye na huɗu an buɗe mini wata tabarma da aka rufe wani mamaci da ita. Na duba, na sake dubawa. Na ce ban sani ba. Suka binne shi a matsayin baƙo. Sai a hanyar komowa na tuna da yatsan ƙafarka da fartanya ta sare. Na ga yatsan nan a ƙafar mamacin, Yaya.

Mama tana tambayar kowane mai fito ko ya ji labarinka. Ni kuwa ban gaya wa kowa ba tukuna.