Igiyar Madugu Alhasan

Tasalla ta rasa mijinta, Madugu Alhasan, ta rasa raƙumansa bakwai waɗanda fari ya kwashe a shekara guda. Abin da ta samu igiya ce ta gashin raƙumi mai ƙulli goma sha biyar, sai kuma bakin ciniki wanda duk kasuwar garinsu, a gindin duwatsun Azbin, ba mai ja da shi.

Igiyar nan hanya ce. A shekarar da aka ɗaura musu aure, Alhasan ya dasa dabino da sunanta a wani kufai can cikin duwatsu, bakin tsohuwar rijiya, ya ƙulla hanyar a jikin igiya, ya ce wata rana zai kai ta. Ranar ba ta zo ba sai da ƙasa ta rufe masa ido.

Sai ga abokai uku masu hawan keke a kan duwatsu, Sidi malamin makaranta, da Barira 'yar masu raƙuma, da Jatau mai gyaran keke. Sun ji labarin kufan, suna so su je su kafa tanti, su zaga tsofaffin katangu da ƙafa, in ta yi kyau su riƙa kai baƙi kowace shekara. Suka taya igiyar. Tasalla ta dube su sama da ƙasa ta ce ko akuyarta ba ta sayarwa a zaman farko. Sau huɗu suna zuwa suna shan shayinta suna komawa hannu rabbana. A na biyar ta ce, "Ku kai ni in ga dabinona da idona. Wanda ya kai ni, igiya tasa ce, shi ne madugu."

Aka zauna shiri, nan da nan aka ci karo da matsala. Sun ɗauka kowane ƙulli kwana guda ne, kuma ba keken da zai ɗauki guzurin kwana goma sha biyar. Sidi ne ya karɓi igiyar yana shafawa, ya lura bayan kowane ƙulli biyar akwai tazara mai tsawo. Ya tambaya ko marigayin yana wasa da salla a kan hanya. Tasalla ta ce ko guguwa ba ta hana shi, kuma duk inda ya tsaya sai ya jera duwatsu ya yi masallaci. Ashe ƙullin salloli ne, biyar a yini, tafiyar kwana uku ce kacal, kuma jerin duwatsun su ne alamar hanya. Tasalla ta gyara lulluɓi ta ce ai ta sani tun tuni, gwada su take yi.

Saura ruwa. Mutum huɗu a kan keke cikin rana, jarka nawa za su ɗaura? Barira ta tuna yadda ayarin gishiri ke ajiye dammunan ciyawa a hanya tun da tafiya, don raƙuma su samu abin ci da dawowa. Ta ari raƙumin kawunta, ta yi gaba da mako guda tana bin masallatan da Sidi ya kwatanta mata, tana binne jarkoki a inuwar dutse a kowane zango. Ta dawo leɓe a tsage tana dariya, ta ce sauran hanya ta bar wa Sidi, ita dai ruwa ya isa har zango na ƙarshe.

Shi kuwa Jatau ya san ƙayar farar ƙaya da tsinin baƙin dutse ba sa barin taya ta yi yini guda. Ya yanka tsohuwar fatar raƙumi siri-siri ya shimfiɗa cikin kowace taya. Sannan ya ƙera wa Tasalla mazauni a bayan kekensa, da majingina da 'yar rumfa. Ta zauna ta ce ya yi tauri, ya ƙara matashi. Ta ce ya yi laushi, ya rage. A hawan dutse na ƙarshe, inda sauran suka sauka suna tura kekunansu, Jatau ya tura nasa da ita a kai, tana yi masa faɗan ya cika girgiza mutane.

Da la'asar ta rana ta uku suka kafa tanti a ƙofar kufan, suka shiga da ƙafa. Ga lunguna ba kowa, ga masallaci ba rufi, ga fasassun tukwane cikin rairayi. Tasalla da aka ɗauko kamar ƙwai ita ce ta wuce gaba tana tattare zane. Bayan wata katanga suka ga dabinon, ya fi katangar tsawo sau biyu, ya yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Ta dafa shi ta ce, "Ashe ba daɗin baki ka yi mini ba, Alhasan." Barira ta rangaɗa guɗa, duwatsu suka amsa. Aka ci dabino har Jatau ya kwance ɗamara.

Da suka sake tayar da maganar igiya, Sidi ya ce, "Inna, a raba ta uku mana." Ta ce igiyar da aka yanka ba ta kai kowa ko'ina, kuma ayari ba ya madugu biyu balle uku. Sannan ta faɗi kuɗinta: kwandon dabino na fari daga wannan itace kowace shekara, da mazauninta a bayan keke duk ranar da ta ga dama. Suka ce sun saya. Ta ce ta sallama, amma ga mutum ɗaya, wanda ya kai ta.

Igiyar tana ɗaure a ƙugunta har yau. Ba don Sidi ba da ba a tashi ba, ba don Barira ba da ƙishirwa ta mayar da su tun zangon farko, ba don Jatau ba da tana gida tana jin labari.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu ya kai Tasalla?