Tsohon Mangwaro da Gatarin Maigida

Akwai wani mai lambu da ya ƙware wajen yi wa ƙananan mangwaro aure, wato haɗa reshen mai zaƙi a jikin mai tsami. Wata rana maigidansa ya nuna masa wani tsohon mangwaro, ya ce, "Wannan ma ka yi masa. In bai yi zaƙi ba, gatari zai ci shi."

Mai lambu ya tsaga ɓawon gindin, ya cusa reshe, ya ɗaure. Reshe ya bushe. Ya sake, ya kuma bushewa. Maƙwabta kuwa, da ba a raba su da surutu, suka ce, "Wahalar banza! Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ran mai lambu ya ɓaci ƙwarai, har ya fara wasa gatarin da kansa.

Sai maigida ya aiko wani dattijo mai zagaya lambuna. Mai lambu ya zaci laifinsa aka zo kamawa. Amma dattijon ya tuɓe riga ya rataye, ya ce, "Ɗana, nuna mini yadda kake yi."

Da ya gani, ya ce, "Hannunka lafiya lau, wurin ne ba daidai ba. Rage rassan sama, ka yi ta ban ruwa. Inda itacen ya yi toho da kansa, nan za ka haɗa."

"To, Baba, ga wuƙa, ka yi mini."

"A'a. Gobe ina wani lambun, kai ne a nan. Amma zan riƙa leƙo ka."

Ya kuwa cika alkawari. Mai lambu ya haɗa a wurin tohon, reshe ya kama! Da itacen ya yi 'ya'ya, masu karin maganar nan su suka fara zuwa da kwando.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon mangwaro iyayenmu ne na ajin yaƙi da jahilci. Mai lambu malaminsu ne. Tohon kuwa shi ne abin da ransu ke marmarin karantawa, ko sunan jika, ko waƙar sujada. Dattijon shi ne mai horar da malamai. Ba ya kunyata malami, ba ya ƙwace masa wuƙa, ba ya kuma barinsa shi kaɗai.

Ku malamai, kada ku ɓoye masa busasshen reshe. Malamin Baba Dogara, wani tsoho na ajin nan, bai ɓoye ba. Ga shi ran Lahadi tsohon nan ya miƙe a majami'a, yatsa a kan Zabura, ya karanta da bakinsa. Halleluya! A mayar da gatari ɗaki.