Hakimi Ya Riƙe Bonet

Wani hakimi ne da tsohuwar a-kori-kura, wadda kullum sai ta yi rabin wuni injinta bai ɗumama ba. Ya sa aka kira Mati makanike.

"Ka gyara ta zuwa gobe, amma kada ka buɗe bonet, murfin injin nan," in ji Hakimi. "Na san halinku, ku buɗe ku kwashe. In ka kasa, ka tashi daga filin da na ba ka na gareji."

"An gama, ranka ya daɗe."

Washegari Mati ya zo da mabuɗan ƙusa a aljihu, ya tayar da mota, ya ce ta gyaru.

"Ga allurar ma'aunin zafin inji can kwance a ƙasa," in ji Hakimi.

"Allurar ce maƙaryaciya. Injin har ƙuna yake."

Hakimi ya fusata, ya ɗaga bonet da kansa, ya taɓa. "Sanyi ƙalau, kamar randa."

"To, tunda mai girma ne ya buɗe, ni ban karya doka ba. A daure a riƙe min haka, sandan tokarewar ya ɓata."

Mati ya kashe injin, ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihunsa, ya shiga ɗaurawa, Hakimi na tsaye riƙe da bonet yana gumi.

"Mene ne wannan?"

"Tamostat, mai tsare ruwa har inji ya ɗumama."

"Wane ɓarawo ya cire shi?"

"Ni, ranka ya daɗe. Bara ka ce in cire, wai shi ke sa mota zafi. Ashe gaskiyarka ce."